Rabin Awar Gumi ko Yawan Tashi Daga Kujera: Wanne Ya Fi Yi wa Zuciya Amfani?

Ka ɗauki mutum biyu masu aiki iri ɗaya, teburinsu na kallon juna. Na farko kullum da sassafe sai ya yi tafiyar rabin awa da sauri har rigarsa ta jiƙe, ya dawo ya watsa ruwa, daga nan kuma shi ke nan: kujerar mota, kujerar ofis, kujerar kallo, har barci ya kwashe shi. Na biyu bai taɓa sayen takalmin motsa jiki ba, amma ba ya iya zama wuri guda. Waya ta shigo, ya miƙe yana kai da komo. Za a kai takarda hawa na biyu, shi ne mai kaiwa. Kowannensu gani yake ya fi ɗan'uwansa kula da lafiya. Mai ƙarancin lokaci kuwa tambayarsa ɗaya ce: in ɗaya kaɗai zan iya riƙewa, wanne zan riƙe?

Sai an fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Rashin motsa jiki daban, yawan zama daban. Wanda ake cewa ba ya motsa jiki shi ne wanda bai kai mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ba, wato minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Yawan zama kuwa shi ne lokacin da mutum yake a farke amma yana zaune, ko a kishingiɗe, ko a kwance, jiki na hutawa kusan ɗungurungum. Barci ba ya cikin lissafi. Ka ga ke nan mutum zai iya cika mizanin nan tsaf, kuma ya kasance cikin masu yawan zama. Mutuminmu na farko ke nan. Rabin awarsa, in ka auna ta da awa 16 da yake yi a farke, kashi 3 ce kawai cikin 100.

Maganar ba ta wasa ba ce. Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, rayuka kusan miliyan 17.9 a 2019 kaɗai, galibi ta hanyar toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, wajen mutum biliyan 1.8, ba su kai mizanin motsi ba.

Asalin wannan ilimi a cikin bas aka samo shi. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa bincikensa a mujallar The Lancet kan ma'aikatan sufurin Landan kimanin 31,000. Bas ɗin masu bene ne. Direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa hawa yake yana sauka, matakala ɗaruruwa a yini, yana karɓar kuɗin fasinja. Gari ɗaya, mota ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, amma direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma mutuwar farat ɗaya ta kai wajen ninki biyu a cikinsu. Masu ja suka ce ai dama masu ƙiba ne ke zaɓen tuƙi. Morris bai yi gardama ba, sai ya nemo bayanan girman wandunan da ake raba wa ma'aikata. Lallai ƙugun direbobi ya fi faɗi, amma da aka kwatanta masu ƙugu iri ɗaya, kwandasta bai fasa yin gaba ba. Shi kansa Morris, wanda bai yi wasa da motsa jiki ba, sai da ya kai shekara 99.

Amma fa a lura, kwandastan Morris bai raba mana gardama ba. Abu biyu yake yi a lokaci guda: ba ya zama, kuma yana haki a kan matakala. Wanne ne ya cece shi? Sai bayan shekaru sittin aka samu amsar da za a iya dogara da ita.

Mu fara da ɓangaren gumi. Zuciya tsoka ce, kuma tsoka ba ta ƙarfi sai an ɗora mata nauyi. Idan ka yi tafiya da sauri, bugunta ya ƙaru, jini ya riƙa gudu da ƙarfi yana gogar bangon jijiyoyi, bangon nan sai ya saki wani sinadari da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Yau da gobe, zuciyar kan koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, shi ya sa bugun mai motsa jiki yake raguwa idan yana hutawa. Hawan jini kan sauka da maki 5 zuwa 8 ga mai fama da shi, wanda ya kai aikin ƙwayar magani guda a wasu mutanen. Kitsen jini ya daidaita, jiki ya fi jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka. Duk wannan yana buƙatar a matsa wa zuciyar ta yi aiki sama da na kullum. Yawo a hankali tsakanin teburi da taga ba ya kai ta wannan matsayi.

Akwai gwajin da nake ganin ya fi kowanne nuna saurin lalacewar zuciyar da aka bari ba aiki. A 1966 a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku, ko banɗaki ba sa takawa. Ƙarfin jikinsu na sarrafa iskar oksijin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake tara mutanen nan aka auna su, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi shekara talatin ɗin da suka ƙaru a kansu illa. Mutum biyar ne kacal, gaskiya, amma darasin ya tsaya.

Babbar hujja ta zo a 2016, lokacin da wani mai bincike, Ulf Ekelund, da abokan aikinsa suka tattara bayanan mutum sama da miliyan ɗaya. Sun ɗauki waɗanda suka fi kowa motsi kuma suka fi kowa ƙarancin zama a matsayin ma'auni. Masu zaman fiye da awa 8 a yini kuma ba sa motsi, haɗarin mutuwarsu ya ɗara da kashi 59 cikin 100. Ba abin mamaki a nan. Ga inda ya shafi tambayarmu: waɗanda ba sa zama sosai, ƙasa da awa 4, amma kuma ba sa wani motsin kirki, haɗarinsu ya ɗara da kashi 27. Su kuwa masu zaman fiye da awa 8 da ke yin motsin minti 60 zuwa 75 kullum, kusan babu wani bambanci tsakaninsu da ma'aunin. Wato mai zama da yawa da ke gumi ya fi marar zama da ba ya gumi. A wannan karawa dai, gumi ne ya yi kaye.

Wani hanzari ba gudu ba: awa guda zuwa awa da kwata aka ce, ba rabin awa ba. Masu yin wajen rabin awa haɗarinsu ya ragu sosai, amma bai goge ba. Sannan zaman kallon talabijin ya fi taurin kai, domin masu kallon awa 5 ko fiye ko da suna cikin masu yawan motsi, da sauran haɗari a kansu. Wataƙila don zaman kallo yakan zo bayan cin abincin dare, kuma hannu ba ya rabuwa da baki. Wani abin kuma, bayanan nan daga bakin mutane aka karɓe su, kuma ɗan Adam ya iya ƙara wa motsinsa gishiri ya rage wa zamansa. Da aka sake irin wannan nazari a 2020 da na'urar da ake ɗaura wa mutane a jiki, kan mutum kimanin 44,000, sai aka ga minti 30 zuwa 40 na motsi mai ɗaga bugun zuciya yana rage yawancin haɗarin zama. Wannan ya fi kusa da abin da mai aiki zai iya.

To, shi mai yawan tashi fa, a banza yake wahala? A'a. Ka cire safa da yamma bayan dogon zama ka dubi sawun robar da ta bari a ƙwaurinka, ka ga yadda takalmin da ya shige da sauƙi da safe yake matse ka. Jini da ruwa ne suka taru a ƙasa. Tsokar sha-raɓa famfo ce, duk takun da ka yi tana matse jijiyoyi ta tura jini sama zuwa zuciya. Ka zauna, famfo ya tsaya, gwiwa a lanƙwashe, gudun jini a ƙafa ya yi sanyi. Manyan tsokokin cinya da ɗuwawu, waɗanda su ne suka fi kowa zuƙe suga daga jini, sun yi likimo. Tsokar da ke aiki tana iya jan suga ko da insulin bai taimaka sosai ba, wadda ke kwance kuwa sai an yi ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Rabin awar safe ba ta hana wannan faruwa da ƙarfe uku na rana.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A Ostareliya a 2012, wani mai bincike, David Dunstan, ya sa mutum 19 masu ƙiba su riƙa tashi suna tafiyar minti 2 bayan kowane minti 20, sai hauhawar sugar da ke biyo bayan cin abinci ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da tafiyar a hankali aka yi ta. A 2023 masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York suka gwada tsari iri-iri kan mutum 11, suka ga tafiyar minti 5 bayan kowane rabin awa ce ta fi saukar da suga, kuma hawan jini ya sauka da maki 4 zuwa 5. Sakamako mai daɗin ji. Sai dai ka dubi adadin: mutum 19, mutum 11, na yini guda, kuma suga da hawan jini aka auna, ba yawan waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe bayan shekara goma ba. Hujjar motsa jiki ta shekara saba'in ce da miliyoyin mutane. Hujjar katse zama jaririya ce a gabanta. Wanda ya ce maka nauyinsu ɗaya, ya yi gaggawa.

Amma akwai iyakar da in zama ya wuce ta, gumin safe ba ya iya biyan bashin duka. Wani nazari da masu bincike a Boston suka fitar a 2024, kan 'yan Birtaniya kusan 90,000 da suka ɗaura na'ura a hannu tsawon mako guda, ya nuna haɗarin gazawar zuciya da na mutuwa ta dalilin ciwon zuciya yana tashi sosai da zarar zama ya haura awa 10 da rabi a yini. Cika minti 150 a mako ya rage haɗarin, bai share shi ba. Awa 10 da rabi kamar da yawa, ko? Ni ma haka na zata, sai da na zauna da biro na lissafa yinin aiki guda: awa 8 gaban kwamfuta, awa 1 da rabi a mota zuwa da dawowa, cin abinci sau uku, sannan awa 2 da waya a hannu kafin barci. Ban ƙarasa lissafin ba na ajiye biron.

Teburin aiki a tsaye fa, wanda ake ta tallatawa? Kada ka ɗora masa buri. Nazarin da aka yi a Jami'ar Sydney a 2024 kan mutum sama da 83,000 bai ga yawan tsayuwa ya rage haɗarin ciwon zuciya ba, kuma tsayuwar da ta wuce awa 2 a yini ta zo da ƙarin matsalar jijiyoyin ƙafa, irin su kumburinsu da daskarewar jini a ciki. Dalilin a fili yake, famfon sha-raɓa taku yake so. Wanda ya tashi daga kujera ya sandare a tsaye, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Wannan ya kawo mu ga wani abin da ke ɗaure wa mutane kai. Wanda aikinsa na ƙarfi ne, ɗaukar kaya ko tsayuwar yini, yakan ce ni ai na gama motsa jikina a wurin aiki. Binciken da aka yi a Kofanhagan ta ƙasar Denmak kan mutum 104,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna motsin da mutum ke yi a lokacin hutunsa yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma yawan aikin ƙarfi na sana'a yana tafiya da ƙarin haɗari. Aikin sana'a yakan ɗauki awanni ba hutu, da ɗaga nauyi da ke tayar da hawan jini, ba tare da zuciya ta yi irin gudun da ke ƙara mata ƙarfi ba. Mai irin wannan aiki ba rage zama ne matsalarsa ba. Abin da ya rasa shi ne ɗan gajeren motsi mai sa haki, da isasshen hutu bayansa.

Idan an yarda gumi ne a gaba, saura yadda za a raba shi. Nan akwai sauƙi fiye da yadda ake zato. Wanda ba shi da sarari sai ƙarshen mako, ya tattara minti 150 ɗinsa a kwana ɗaya ko biyu, nazarin 2023 a mujallar likitoci ta JAMA ya ga ragin haɗarin toshewar jijiyar zuciya, da gazawar zuciya, da shanyewar ɓarin jiki kusan daidai da na mai rarrabawa cikin mako. Ni dai da zan ba da shawara, mai hawan jini ko ciwon suga ya rarraba, domin saukar da motsi ke yi wa hawan jini da suga ba ta wuce yini ɗaya zuwa biyu, kuma gwiwar da ta huta kwana shida ba ta son a far mata rana guda.

Gudu ko tafiya? Gudu ya fi arahar lokaci, minti ɗaya nasa a madadin biyu na tafiya. Nazarin 2014 kan Amurkawa 55,000 ya ga masu gudu, har da masu yin minti 5 zuwa 10 kawai a yini, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya yi ƙasa da na marasa gudu da kusan kashi 45. Tafiya kuwa ta fi sauƙin ɗorewa da ƙarancin rauni, sharaɗin kawai ta kasance da sauri. Ma'aunin yana bakinka: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, matsakaici ke nan. In kalma uku ko huɗu kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Mai son lissafi ya ƙirga taku 100 a minti.

Shi kuma taku 10,000 da wayoyi ke ta nuna mana, ba daga asibiti ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar kasuwa a 1965, jim kaɗan bayan gasar Olamfik ta Tokyo. Nazarin 2022 da ya haɗa mutum 47,000 ya nuna ribar tana daidaita a taku 6,000 zuwa 8,000 ga wanda ya kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga na ƙasa da haka. Riba mafi tsoka tana can farko, wurin wanda ya tashi daga 2,000 ko 3,000 ya koma 5,000.

Akwai kuma hanya ta uku da ta shiga tsakanin mutanenmu biyu, kuma ina ganin ita ce mafi dacewa da mai cewa ba shi da lokaci ko kaɗan. A 2022 wani mai bincike, Emmanuel Stamatakis, ya bibiyi mutum 25,000 da suka ce ba sa motsa jiki sam. Waɗanda na'ura ta kama suna ɗan yunƙuri mai tsanani na minti ɗaya ko biyu, sau uku zuwa huɗu a yini, kamar hawa bene da sauri ko sassarfa don cim ma mota, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya yi ƙasa da kusan rabi. A yi hattara da wannan adadi, domin mai lafiya ne dama ke iya haurawa bene a guje, kuma nazari irin wannan ba ya iya tsefe wanne ne ya haifi wanne. Duk da haka, ka ga kwandastan Morris ya dawo: ya katse zama, kuma ya yi haki.

To, ga yadda zan raba. Wanda zamansa bai kai awa 8 ba kuma ba ya motsa jiki, ya bar batun agogon da zai riƙa tuna masa ya tashi daga kujera, ya nemi rabin awar tafiya da sauri kwana biyar a mako. Wanda ke yin rabin awarsa amma zamansa ya haura awa 10, kamar direban doguwar hanya ko mai aikin kwamfuta, kada ya ƙara gudu tukuna, ya fara da tsinka zaman, musamman na bayan cin abinci da na dare. Mai ciwon suga ko wanda ke bakin kamuwa, tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi masa daraja fiye da yadda take ga sauran mutane. Dattijo ko wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da tashi-tashin da tafiya a hankali, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ga mai hawan jini akwai ƙari mai sauƙi: ya jingina baya da bango, ya sauka kamar zai zauna kan kujerar da babu, ya riƙe na minti 2, ya huta, ya maimaita sau huɗu, kwana uku a mako, ba tare da riƙe numfashi ba. Tarin gwaje-gwaje 270 da aka haɗa a 2023 ya sa irin wannan motsi a sahun gaba wajen saukar da hawan jini.

Abu guda ne ke sa gumi ya zama haɗari, wato a yi shi kwatsam. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna cikin awa guda bayan aiki mai tsanani, haɗarin toshewar jijiyar zuciya yana ninkuwa fiye da sau 100 ga wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, amma sau biyu da ɗan ɗori kawai ga mai yi kwana biyar ko fiye. Haɗarin a awa guda ƙanƙane ne tun asali, amma bambancin ya isa ya hana mutum ya tashi daga zaman shekara goma ya faɗa gudun kilomita biyar don ya ga abokinsa na yi. Wanda ya san yana da ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ya ga likita kafin ya shiga motsi mai tsanani. Wanda kuma yana cikin tafiya ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko zafi na gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya tsaya, ya dakata nan take a kai shi asibiti, kada ya ce bari ya ƙarasa zagayen.

Mu koma ofis ɗin can. Na farko, mai rigar gumi, shi ne a gaba a yanzu, kuma abin da ya rage masa kaɗan ne: ya riƙa amsa waya a tafe, ya rage awa guda daga zaman dare. Na biyu ba ya buƙatar takalmin da bai saya ba. Takardar nan da yake kaiwa hawa na biyu sau huɗu a yini, ya riƙa hawa da saurin da in ya isa sama sai ya ɗan tsaya ya ja numfashi kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa.